Øjvind Winge, Uban Ilimin Gadon Yis

Yis ɗin da ake kwaɓa fulawar burodi da fanke da shi halitta ce mai rai, kuma mutumin da nake so mu tuna a wannan fitowar shi ne ya buɗe ƙofar nazarin gadonsa.

An haifi Øjvind Winge a garin Aarhus na ƙasar Danmak a 1886. Ilimin tsirrai ya karanta a Jami'ar Kofanhegan, ya yi shekaru yana nazarin yadda tsirrai da ƙananan kifaye ke gadon siffofi. A 1933 ya zama shugaban sashe a ɗakin binciken Carlsberg, ya mai da hankali kan yis.

A lokacin an ɗauka yis tsiro kawai yake fitarwa ya yi yawa. A 1935 Winge ya nuna cewa ƙwayoyinsa suna haɗuwa biyu-biyu su gauraya gado. Shi da abokin aikinsa Otto Laustsen suka riƙa amfani da siririyar allura ƙarƙashin madubin ƙara girma, suna fasa jakar da ke ɗauke da 'ya'ya huɗu, su reni kowanne daban. Aikin haƙuri ne, wallahi! A 1949, tare da Catherine Roberts, ya gano ƙwayar gadon da ke sa zuriyar ƙwaya ɗaya ta iya haɗuwa da junanta.

Ya rasu a 1964, bai ga ƙarshen zancen ba. Daga baya aka fahimci cewa yis yana ajiye kwafin bayanan kowanne daga jinsinsa biyu a kulle cikin DNA ɗinsa, yana ɗebowa in zai sauya jinsi. A 1992 Stephen Bell da Bruce Stillman suka gano ORC, tarin furotin shida da ke zama daidai inda kwafar DNA za ta fara. Abin da ya fi burge ni, ORC ɗin nan yana zama a gefen waɗancan kwafin, ya taimaka wajen jawo furotin Sir su rufe su ruf.

Mu ma muna da ORC a jikinmu, shi ya sa masu binciken ciwon daji ke bin sawun yis. Don haka 'yan uwana ɗalibai, musamman na sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje, kada mu raina ƙaramin aikin firatikal. Da allura da haƙuri Winge ya fara.