Ahmad Baba: Malamin Timbuktu da aka raba da littattafansa

An haifi Ahmad Baba a shekarar 1556 a yankin Timbuktu, a ƙasar Mali ta yanzu, lokacin da daular Songhai ke kan ganiyarta.

Ya fito ne daga zuriyar Aƙit, gidan malamai da ya daɗe yana riƙe da alƙalancin birnin.

Son littattafai gado ne a gidan. Kakansa, Alhaji Ahmad, wanda ya taɓa zama a Kano yana karantarwa bayan dawowarsa daga aikin hajji, ya kwafi littattafai da yawa da hannunsa, kuma ya rasu ya bar kimanin 700.

A wancan zamani babu injin ɗab'i a yankin, sai dai a sayi littafi daga fatake masu ƙetare Sahara, ko kuma a biya marubuci ya kwafa.

Ahmad Baba ya fara karatu a wurin mahaifinsa, sannan ya shafe fiye da shekara goma a gaban Malam Muhammad Baghayogho. Ya bayyana malamin nasa a matsayin mutum mai ba da aron littattafansa mafiya daraja, kuma ba ya neman a mayar masa.

Mamayar Maroko

A shekarar 1591, dakarun Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur suka murƙushe sojojin Songhai a yaƙin Tondibi, suka kama Timbuktu.

Bayan shekara biyu, aka kama manyan malaman birnin bisa zargin tunzura jama'a, aka kuma wawushe gidajensu.

A shekarar 1594 aka tasa ƙeyar Ahmad Baba da danginsa cikin mari zuwa birnin Marakesh. A kan hanya ya faɗo daga kan raƙumi, ya karye a ƙafa.

Littattafai 1,600 ya yi asara. An ruwaito cewa ya ce a duk danginsa, shi ne ma mafi ƙarancin littattafai.

Zaman Marakesh

An sake shi bayan shekara biyu a tsare, amma da sharaɗin ba zai bar birnin ba.

Sai ya buɗe karatu a masallaci, ɗalibai suka yi ta tururuwa, cikinsu har da alƙalai. Daga cikin waɗanda suka amfana da shi akwai al-Maƙƙari, marubucin tarihin Andalus.

A can ne ya kammala Nail al-Ibtihaj a shekarar 1596, littafin da ya tattara tarihin ɗaruruwan malaman mazhabar Malikiyya. Har yanzu masana tarihi na dogara da shi wajen sanin malaman Afirka ta Yamma da ta Arewa.

Bayan rasuwar al-Mansur a shekarar 1603, ɗansa Zaidan ya ba shi izinin tafiya, ya isa Timbuktu a shekarar 1608.

Komawa gida

A shekarar 1615 ya rubuta Mi'raj al-Su'ud, inda ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat game da bauta. Ya yi fatawa cewa launin fata ba hujjar bautar da mutum ba ne, kuma ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba.

Ya rasu a Timbuktu a shekarar 1627, bayan ya wallafa littattafai sama da 40.

A shekarar 1973 aka buɗe cibiyar adana rubuce-rubucen hannu mai ɗauke da sunansa a birnin.

A watan Janairun 2013, 'yan bindigar da suka mamaye arewacin Mali suka ƙona wani ɓangare na rubuce-rubucen cibiyar. Amma akasarinsu sun tsira, domin mutanen garin sun riga sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako.