Waliyyi Yohanna Bosko, Fadan da Ya Riƙa Fita da Yara Bayan Gari

Kowace shekara a ranar 31 ga watan Janairu Ikilisiya tana tunawa da Waliyyi Yohanna Bosko, wanda aka fi sani da Don Bosko. Kalmar Don ita ce yadda mutanen Italiya suke kiran firist, kamar yadda mu muke cewa Fada. Da yawa daga cikinmu sun san sunansa ta wurin makarantun koyon sana'a da 'ya'yan ƙungiyarsa suke riƙe da su a Najeriya da Gana da sauran ƙasashe. Amma a wannan fitowa muna so mu tsaya a kan wani ɓangare na aikinsa wanda ba a cika ambata ba. Wannan bawan Allah ya yi kusan shekara ashirin yana kwasar 'ya'yan mutane yana fita da su bayan gari, a ƙasa, su hau tsauni, su ratsa gonaki, su kwana a kan ciyawa, sa'an nan ya komo da su. Duk wanda ya taɓa riƙon amanar ɗan wani, ko da na yini guda ne, ya san nauyin wannan abu.

An haife shi ranar 16 ga watan Agusta na shekara ta 1815, a wani ɗan ƙauye mai suna Becchi, a arewacin Italiya, kimanin kilomita 30 daga birnin Turin. Bai cika shekara biyu ba mahaifinsa ya rasu, ya bar mahaifiyarsa Margarita da yara uku maza da tsohuwar surukarta, ga shi kuwa shekarar yunwa ce. Yohanna ya tashi yana kiwo yana noma. Idan ranar kasuwa ta zo sai ya tsaya yana kallon masu wasan dabo da masu tafiya a kan igiya, ya komo gida ya ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu yana gwadawa, yana faɗuwa yana tashi, har ya iya. Ranar Lahadi sai ya tara yaran ƙauye ya yi musu wasa, ladan kallo kuwa shi ne a yi addu'ar Rosari tare, a kuma saurari wa'azin da Fada ya yi da safe, wanda yaron yakan maimaita da ka. Yana da shekara tara ya yi wani mafarki da bai taɓa mantawa da shi ba. Ya ga taron yara suna faɗa suna zage-zage, ya faɗa cikinsu da duka don ya hana su, sai aka nuna masa cewa da tawali'u da ƙauna ne zai rinjaye su.

Karatu bai zo masa da sauƙi ba. Yayansa Antoniyo, wanda suke uba ɗaya, ya ƙi jinin ganinsa da littafi, har ta kai Yohanna ya bar gida ya tafi aikin barantaka a gonar wasu mutane. Daga baya ya shiga makaranta a garin Chieri, yana ɗinki yana aiki a gidan shan shayi don ya sami na biya. Ya shiga seminari a 1835, aka naɗa shi firist a Turin ranar 5 ga watan Yuni 1841.

Turin a lokacin nan cike take da samarin da suka baro ƙauye neman aikin gini da na masana'antu, ba dangi, ba mai kula. Malaminsa, Fada Yusufu Kafasso, ya kai shi gidajen kurkuku, inda ya tarar da yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha takwas a kulle, ƙwarƙwata tana cin su, ba aikin yi. Abin da ya fi damunsa shi ne, wanda aka saka yau jibi ya komo, domin ba wanda yake jiransa a waje. Ranar 8 ga watan Disamba 1841 yana shirin yin Misa, sai ya ga mai kula da coci yana korar wani saurayi maraya, ɗan aikin gini, da duka, don bai iya taimakon Misa ba. Don Bosko ya sa aka kirawo shi, ya zauna da shi, ya fara koya masa addini. Lahadi ta gaba saurayin ya zo da abokansa. Nan aikin ya fara.

To, a nan ne ya kamata mu lura da yadda fita bayan gari ta samo asali. Rashin wurin zama ne ya fara tura su kan hanya. Yara suka yi yawa, suka kai ɗaruruwa, ga surutu, ga guje-guje, duk inda suka sauka sai a kore su. An kore su daga wani coci na maƙabarta, an kore su daga wani na kusa da injinan niƙa na birni, an karɓe ɗakunan da ya yi haya. Har fili ya yi haya a hannun wasu 'yan'uwa, su ma suka ce yaran sun tattake ciyawar har saiwa, ba za ta sake tsirowa ba. Saboda haka da yawa daga cikin Lahadin shekarun 1845 da 1846 a hanya aka yi su. Da sassafe yara su taru, masu furta zunubi su furta, Fada yana zaune a kan tudu a fili, sa'an nan a ɗunguma zuwa wani coci na bayan gari a yi Misa. Wata rana a hau Superga, tsaunin da yake gabas da birnin, mai tsawon kimanin mita 670, wanda aka gina babban coci a ƙwanƙolinsa. Guzuri burodi ne da 'ya'yan itace, kiɗa kuwa tsohuwar ganga da ƙaho. Hukumar birni ta yi zaton yana tara 'yan tawaye ne, ta sa 'yan sanda su bi shi. Waɗansu firistoci 'yan'uwansa suka ce ya taɓu, har biyu daga cikinsu suka zo da keken doki don su kai shi asibitin mahaukata. Ya gane nufinsu, ya ba su girma su fara shiga, ya rufe ƙofa, ya ce wa mai tuƙi ya yi sauri ana jiransu. Sai ranar Ista, 12 ga watan Afrilu 1846, suka sami wata rumfa a unguwar Valdocco, inda har yau cibiyar ƙungiyarsa ta asali take.

Da wani ne, da samun rufi sai ya ce an huta da yawo. Shi kuwa ya riga ya ga abin da hanya take yi wa yaro. Wanda ba ya buɗe baki a aji, idan an yi tafiyar sa'a uku ƙafa ta gaji, aka zauna a inuwa ana raba burodi, sai ka ji ya fara ba da labarin gidansu. Mai ƙarfi yakan ɗauki jakar ƙarami. Mai taurin kai, idan aka ba shi riƙon guzurin jama'a, sai ka ga ya natsu.

Daga shekara ta 1848, lokacin da aka keɓe ɗan ɗakin sujada na Maryamu Uwar Rosari a gidan yayansa Yusufu a Becchi, sai tafiyar kaka ta zama al'ada. A farkon watan Oktoba, daidai da girbin inabi, yakan ɗebi yaran da suka nuna hali nagari da waɗanda ba su da gidan da za su je hutu, su taka a ƙasa daga Turin zuwa ƙauyensu don bikin Rosari. Suna kwana a kan ciyawa a rumbu. Fadan Castelnuovo, garin da Becchi yake ƙarƙashinsa, yakan sa a tuƙa musu polenta a babbar tukunya, watau wani abinci na garin masara da ba shi da maraba da tuwonmu. Daga 1859 zuwa 1864 tafiyar ta faɗaɗa, ta kai mako biyu ko fiye, suna bin ƙauyukan tuddan Monferrato ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci yara kusan ɗari. Tun kafin a tashi Don Bosko ya riga ya rubuta wa fadan kowane gari da masu hali, an san inda za a ci da inda za a kwana. Wannan kuwa ya kamata masu shirya tafiyar matasa a cikinmu su ji shi, domin mun sha ganin an kwashi yara a mota ba a san ma inda za su sha ruwa ba. Idan sun kusa shiga gari sai masu busa ƙaho su jeru a gaba, mutane su fito kallo. Da yamma a yi addu'a da waƙa a coci, da dare yaran su yi wa mutanen gari wasan kwaikwayo, da asuba a yi Misa a kama hanya. Ruwa ya sha dukansu, sun sha ɓata hanya, takalma sun tsinke. Shi kansa Fada yana tsakiyarsu, abin da suka ci shi ya ci.

Ikilisiya ta girbi abu mai yawa a kan waɗannan hanyoyi. A Becchi ne, a watan Oktoba 1852, Mika'ilu Rua ya sa rigar ɗaliban firistoci, shi ne kuwa ya gaji Don Bosko. A nan ne kuma, ranar 2 ga watan Oktoba 1854, wani maƙeri ya kawo ɗansa mai shekara goma sha biyu, Dominik Sabiyo, wanda ya rasu a 1857, aka kuma sa shi cikin waliyyai bayan kusan shekara ɗari, a 1954. A tafiyar 1861, a garin Lu, wani yaro ɗan shekara biyar mai suna Filibus Rinaldi ya ga shigowarsu da kaɗe-kaɗe, daga baya ya zama magajin Don Bosko na uku. Tafiya ta ƙarshe, ta 1864, ita ce mafi nisa. Jirgin ƙasa ya kai su Janowa, inda da yawansu suka fara ganin teku, sa'an nan suka biyo ta ƙauyen Mornese. A can ya sadu da wata budurwa mai ɗinki, Mariya Mazzarello, wadda tare da ita ya kafa ƙungiyar Sistoci ta 'Ya'yan Maryamu Mai Taimakon Kiristoci a 1872.

Amma fitar da ta fi kowace hatsari ta yini guda ce. Marubutan tarihinsa na farko sun ba da labari cewa a 1855, bayan ya yi wa samarin gidan horo na Generala wa'azin shirin Ista, ya nemi a ba shi su duka, kimanin ɗari uku, ya kai su Stupinigi, wani gari kusa da Turin inda sarki yake da gidan farauta, su wuni su sha iska. Shugaban gidan ya ƙi. Magana ta kai gaban ministan gwamnati Urbano Rattazzi, mutumin da a shekarar nan ya tsaya kan dokar rufe gidajen ƙungiyoyin addini da yawa, watau ba abokin Ikilisiya ba ne. Ministan ya yarda, da sharaɗin 'yan sanda cikin farin kaya su bi su daga nesa. Don Bosko ya ƙi sharaɗin, ya ce shi kaɗai zai tafi da su, in kuwa wani ya gudu a kulle shi a madadinsa. Daren jajibere ya tara samarin ya gaya musu gaskiya, cewa mutuncinsa yana hannunsu. Manyan cikinsu suka fara barazanar karya duk wanda ya yi yunƙurin gudu, ya hana su, ya ce alkawarin kowa ya ishe shi. Da safe aka buɗe ƙofa. Suka tafi da dabba ɗauke da guzuri, aka yi Misa, aka ci, aka yi wasa har la'asar. A hanyar dawowa kaya sun ƙare, sai suka tilasta masa ya hau dabbar, su suna ja. Da aka ƙirga su a bakin ƙofa da magariba, ba wanda ya ɓace.

Kada mu ɗauka ganganci ya yi, ko sa'a ce ta taimake shi. Ya daɗe yana shiga gidan nan, ya san su da sunayensu, ya ji furcin zunubansu. Kafin ya roƙi alkawarinsu ya riga ya shekara da shekaru yana cika nasa. Abin da ya rubuta a 1877 game da tarbiyya ya tsaya ne a kan abu uku, hankali da addini da nuna ƙauna, ya kuma nace cewa mai kula da yara ya kasance a cikinsu a wurin wasa da wurin aiki, don a tare ɓarna tun ba ta auku ba. A kan hanya ya koyi yawancin wannan kafin ya sa shi a takarda. Mu da muke yawan kukan cewa matasanmu ba sa zama a coci, yana da kyau mu tambayi kanmu yaushe rabon da wani babba a cikinmu ya yi tafiyar yini guda da su a ƙasa.

Mahaifiyarsa ma ta biya nata kason. A watan Nuwamba 1846 ta bar ƙauyenta ta bi shi Turin a ƙasa, da kwandonta a hannu, ta yi shekara goma tana dafa wa marayu abinci tana yi musu ƙwaƙƙwafin tufafi, har ta rasu a 1856. A 1859 ya kafa ƙungiyar Salesiyawa da samarin da suka tashi a hannunsa, ya ba ta sunan Waliyyi Faransis na Sales saboda sanyin halinsa. Bayan 1864 gine-gine da makarantu da neman kuɗin ciyar da yara suka cinye lokacinsa, dogayen tafiye-tafiyen kaka suka tsaya. A 1875 ya aika da 'yan mishan na farko zuwa Ajantina ƙarƙashin Yohanna Kaliyero, wani yaron Castelnuovo da ya ɗauko a 1851, wanda daga baya ya zama Kadinal.

A shekarunsa na ƙarshe ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rauni, sai an riƙe shi yake takawa. Ya rasu da asubahin 31 ga watan Janairu 1888 a Valdocco, yana da shekara 72. Paparoma Piyus na 11, wanda ya taɓa ziyartarsa yana saurayin firist, shi ne ya sa shi cikin waliyyai ranar Ista, 1 ga watan Afrilu 1934. Garin Castelnuovo yanzu yana ɗauke da sunansa, an kuma gina babban coci a kan tudun Becchi, kusa da ɗan gidan da ya tashi a ciki.