Jak Jonson, Ɗan Damben Da Ya Gagari Naushi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fagen dambe bayan kaka, ko a ƙasar Matameye ne wajajen Ɗan Barto, ko a ƙetaren iyaka cikin ƙasar Daura, ya san ƴan kallo iri biyu ne. Akwai masu yawa, waɗanda kiɗan kalangu ya jawo, idonsu yana kan hannun da aka naɗe da zare, ba abin da suke jira sai kisa. Akwai kuma ƴan kaɗan, tsofaffin ƴan wasa da mahautan da suka tsufa cikin harkar. Su idonsu yana kan ɗaya hannun, wanda ake miƙawa gaba a yi garkuwa da shi, da kuma yadda ɗan wasa yake dasa ƙafa. In aka yi turmi uku ba kisa, sai na farko su watse suna cewa dambe ya lalace, na biyu kuwa wani lokaci su tashi suna cewa yau sun ga wasa.

Wannan saɓani yana nan a cikin damben zamani na safar hannu, wanda Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla da shi a wasannin Olimfik na birnin Munik a shekara ta 1972. A tarihin wannan dambe ba a yi mutumin da saɓanin ya bi shi tun daga ƙuruciya har kabari kamar Jak Jonson ba, wato baƙar fata na farko da ya riƙe kambin duniya na masu nauyi.

Ɗan bayi da ya koyi sana'a a gidan kaso

An haifi Jak Jonson ran 31 ga watan Maris 1878 a Galbeston, wani gari na bakin teku a jihar Teksas ta ƙasar Amurka. Uwarsa da ubansa duk a cikin bauta suka tashi, sai daga baya suka sami ƴanci. Karatunsa bai wuce shekara biyar ba, ya shiga neman abinci, yana dako a tashar jiragen ruwa. A wancan zamani Turawa suna da wani mugun nishaɗi: sai su zuba samari baƙaƙe da yawa cikin fage ɗaya su yi ta dukan juna, wanda ya rage a tsaye ya tsinci ƴan kuɗin da aka watsa. Jonson ya shiga irin wannan fage, inda mai garaje shi ne yake fara faɗuwa.

Ran 25 ga watan Fabrairu 1901 ya kara da wani tsohon hannu mai suna Jo Coyinski a garinsu. A turmi na 3 Coyinski ya shimfiɗe shi. Da yake dokar Teksas ta hana damben kuɗi, nan take aka kama su biyun aka kai su gidan kaso, suka yi kwana 23. A cikin waɗannan kwanaki wanda ya kayar da shi ya zama malaminsa. Ya nuna masa cewa mai saurin ido da saurin ƙafa irinsa bai kamata ya riƙa karɓar naushi don ya rama ba. Da wannan ilmi ya fito, kuma da shi ya ci abinci har tsufansa.

Yadda yake wasa

Jonson yakan jingina nauyinsa a kan ƙafar baya, ya ɗan janye kai, ya bar abokin karo ya zo. In aka kawo naushi sai ya cafe shi da tafin safar hannu kamar mai cafe ƙwallo, ko ya danne damtsen mutum tun naushin bai taso ba. In aka matso kusa sai ya rungume hannuwan abokin karo, ya bar shi ya yi ta kokawar ƙwacewa har ƙarfinsa ya ragu, sa'an nan ya ɗago masa naushi daga ƙasa a haɓa. Yana yi yana murmushi da haƙoransa na zinariya, wani lokaci har yana hira da waɗanda ke zaune a bakin fage.

Akwai dalilin wannan salo. A lokacin akan yi wasa na turmi 20, wani lokaci har 45, kowane turmi minti uku, da safar hannu ƙanana. Wanda ya zubar da ƙarfinsa a farko ba ya kai ƙarshe. Ban da haka, baƙin ɗan dambe da ya cika saurin kayar da Turawa sai a daina ba shi wasa, don haka jan lokaci ma hanyar tsare abinci ce.

Amma ƴan kallo da jaridu ba su ga haka ba. Suka sa masa sunan malalaci, matsoraci, mai ha'inci. Abin lura shi ne, a shekara ta 1892 wani Bature mai suna Jim Korbet ya ƙwace kambin duniya daga hannun Jon Suliban da irin wannan dabara ta gocewa da jira, kuma jaridun nan suka yi ta yabonsa a kan shi ne ya kawo ilmi cikin dambe. Dabara ɗaya ce, sunanta ya sake saboda launin mai yin ta.

Ranar da garkuwa ta jawo masa hasara

A shekara ta 1903 Jonson ya ci kambin da aka keɓe wa baƙaƙe masu nauyi. Kambin duniya kuwa yana hannun Jim Jefris, wanda ya ce shi ba zai kara da baƙar fata ba. A watan Maris 1905, a birnin San Faransisko, Jonson ya yi turmi 20 da wani Bature, Mabin Hat. Da aka tashi, fuskar Hat ce ta kumbura, ta Jonson kuwa kusan ba alamar duka. Duk da haka alƙalin wasa ya ba Hat nasara, a kan cewa shi ne yake ta kai hari. Masu yawa suka yi murna. Masana kuwa suka raba baki, wasu suka ce an yi masa fashi, wasu suka ce laifinsa ne da ya tsaya yana karewa alhali yana iya gamawa. Har yau wannan tambaya tana gaban alƙalan dambe: wa za a ba maki, wanda ya fi kai hannu ko wanda hannunsa ya fi samun wuri?

Sidini da Rino

Bayan Jefris ya yi murabus, kambin ya faɗa hannun Tomi Barns, mutumin Kanada. Jonson ya bi shi har Ingila, ya bi shi har Ostiraliya, yana neman karo. Barns bai yarda ba sai da aka yi masa alkawarin dalar Amurka 30.000, Jonson kuwa 5.000. Aka kara a birnin Sidini ran 26 ga watan Disamba 1908. Jonson ya yi ta wasa da shi kamar kyanwa da ɓera, har ƴan sanda suka tsayar da wasan a turmi na 14. Ɗan bayin Galbeston ya zama zakaran duniya yana da shekara 30.

Turawan Amurka ba su haɗiye wannan ba. Suka shiga neman farin da zai maido musu da kambi, har suka lallaso Jefris daga gonarsa bayan ya yi shekara shida bai yi wasa ba. Aka sa rana, 4 ga watan Yuli 1910, ranar bukin ƴancin Amurka, a garin Rino na jihar Nebada, gaban mutane wajen 20.000, da sharaɗin turmi 45. Jefris ya yi ta turowa cikin zafin rana, Jonson yana cafewa, yana riƙewa, yana ramawa kaɗan kaɗan. Korbet ɗin nan da aka yaba a da yana kusurwar Jefris yana ta jifan Jonson da baƙar magana don ya fusata ya bar garkuwarsa. Bai fusata ba. A turmi na 15 ya kayar da Jefris, wanda ba a taɓa kayarwa ba, har mutanensa suka shigo suka tsayar da wasan.

A daren nan tarzoma ta tashi a birane da yawa na Amurka, aka kashe mutane da dama, galibinsu baƙaƙe. Garuruwa suka hana nuna siliman wasan. A shekara ta 1912 majalisar dokokin ƙasar ta hana ɗaukar siliman dambe daga jiha zuwa jiha, dokar da ba a soke ba sai a 1940. Ta haka aka toshe wa dambe wata babbar ƙofar samun kuɗi har shekara 28, don kada a ga baƙi yana rinjayar fari.

Gudun hijira da ihun ƴan kallo a Paris

Jonson ba mai sunkuyar da kai ba ne. Yana son motoci masu gudu da tufafi masu tsada, yana kashe kuɗi ba lissafi, kuma ya auri Turawa a ƙasar da hakan yake iya jawo wa baƙi kisa. Zamansa da mata bai rasa muguntar hannu ba, matarsa Eta kuwa ta kashe kanta a 1912. A shekara ta 1913 wata kotu, wadda masu yanke hukuncinta duk Turawa ne, ta ɗaure shi shekara ɗaya da kwana ɗaya a kan wata doka ta ƙetare iyakar jiha da mace. Ya sulale ta Kanada ya tafi Faransa.

A Paris ne aka ga ɗaya fuskar salonsa. Ran 19 ga watan Disamba 1913 ya kara da wani baƙi ɗan uwansa, Jim Jonson, karo na farko da baƙaƙe biyu suka yi wasan kambin duniya na masu nauyi. Turmi 10 aka yi ana riƙe juna, aka tashi kunnen doki. Jak ya ce hannunsa na hagu ya karye tun a turmi na 3. Ƴan kallo suka yi ta ihu, wasu suna neman a maido musu da kuɗinsu. A wannan dare masu yawa suna da gaskiya, don mutumin da ya sayi tikiti da guminsa yana da haƙƙin ya ga wasa, kuma garkuwar da ba a bin ta da ramuwa ba ta cika dambe ba. Masana ma suna riƙe da wani laifi nasa: tun da ya hau kambi ya ƙi ba gwanayen baƙaƙe irin su Sam Langfod da Jo Janet dama, don ya ce karo da su ba ya kawo kuɗi. Ƙofar da aka daɗe ana rufe masa, shi ma ya rufe wa wasu.

Ran 5 ga watan Afrilu 1915, a birnin Habana na ƙasar Kuba, yana da shekara 37, ya haɗu da Jes Wilad, ƙato mai tsawon kusan mita biyu. Jonson ya rinjaye shi a turame na farko, amma wasan na turmi 45 ne. Wannan karo Wilad ne ya yi jira, har a turmi na 26 ya shimfiɗe shi. Daga baya Jonson ya ce da gangan ya faɗi, amma yawancin masana ba su yarda ba.

Ƙarshen rayuwa

A watan Yuli 1920 ya miƙa kansa ga hukuma a iyakar Meziko, ya yi zaman kasonsa, aka sake shi a watan Yuli 1921. Bayan faɗuwarsa sai da aka yi shekara 22 ba a bar wani baƙi ya nemi kambin masu nauyi ba, har Jo Luwis ya ci shi a 1937. Wannan shinge ya hana duniya ganin gwanaye da yawa, kuma ɓarnar da ya yi wa dambe ta fi duk wadda aka ɗora wa salon Jonson.

Idonsa na masani bai dushe ba. Tun Luwis yana tashe, jama'a suna ganin ba mai iya kayar da shi, Jonson ya ce akwai ɓaraka a tsayuwarsa, kuma ya ce Maks Shimelin na Jamus zai ci shi. Haka kuwa aka yi a watan Yuni 1936, a turmi na 12. Baƙaƙen Amurka ba su ji daɗin bakinsa ba, suka ƙara juya masa baya. A ƙarshen rayuwarsa ya koma ba da labarin kansa ga masu biyan ƴan kuɗi kaɗan a wani gidan kallo na birnin Niyok. Amma yana magana daram, hankalinsa da harshensa ba su taɓu ba, alhali da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa tafi don jure duka sun ƙare hannu yana rawa, baki yana sarƙewa.

Ran 10 ga watan Yuni 1946 motarsa ta yi haɗari a jihar Karolina ta Arewa, ya rasu a wani asibitin baƙaƙe na garin Rali yana da shekara 68. An binne shi a birnin Shikago. Nat Falaisha, wanda ya kafa mujallar dambe mai suna The Ring a 1922, kuma ya ga zakaru da yawa da idonsa, ya sa shi a kan gaba cikin dukan masu nauyi. Muhammadu Ali ma ya riƙa ambatonsa da girmamawa, shi da ya jingina da igiya a Kinshasa a 1974, ya bar Joj Foman ya gajiyar da kansa, sa'an nan ya kayar da shi a turmi na 8. Ran 24 ga watan Mayu 2018, shekara 72 bayan rasuwar Jonson, gwamnatin Amurka ta yi masa afuwa a kan hukuncin 1913.