Nikolai Vavilov: Ya tara irin hatsin duniya, yunwa ta kashe shi

Duk wanda ya taso a garin da ake noman gero ya san shibra. Tana fitowa cikin gona kamar gero, ganye iri ɗaya, sai ta fid da kai sannan asirinta ya tonu: kafin a zo girbi ta zubar da 'ya'yanta a ƙasa. Gero kuwa yana riƙe nasa a zangarniya har manomi ya zo. Wannan shi ne babban abin da ya raba shukar gida da kakanta na daji. Na daji ƙwayarsa ƙanana ce, yana watsa ta da kansa, kuma ba ta tsira lokaci guda. Na gida ya yi ƙiba ya yi auki, amma in ba hannun mutum ba zai ƙara shekara ba.

Mutumin da ya ba da rayuwarsa ga wannan batu wani Barashe ne, Nikolai Vavilov. An haife shi a Mosko a 1887, ɗan attajirin ɗan kasuwa ne, amma sai ya zaɓi karatun aikin gona, a ƙasar da yunwa ba ta daɗewa ba ta dawo ba.

A 1916 aka aika shi Iran, inda sojojin Rasha ke cin burodi suna jiri suna faɗuwa kamar mashaya. Ya duba alkamar, ya gano 'ya'yan wata ciyawa mai guba ne ake niƙewa tare da ita. A matsayina na ma'aikaciyar jinya wannan ya burge ni, don ya tambayi abin da majinyaci ya ci, tambayar da mu ma kan manta idan aiki ya yi yawa.

Daga nan bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya je Afganistan a 1924, ya shiga Habasha da ayarin alfadarai a 1927, ya taka ƙasashe sama da 60. Tunaninsa shi ne, inda ka tarar da shuka tana da launuka da iri-iri masu yawa, ga kuma danginta na daji a gefen gona, to can ne mahaifarta. Kuma can ne maganinta yake. Shukar gida da mutum ya yi ta tacewa ta zama kusan jini ɗaya, cuta guda za ta iya share gonakin ƙasa baki ɗaya. Dangin daji kuwa sun saba da fari da ƙwari, a jikinsu ake samun juriyar da za a haɗa wa na gida. Zuwa 1940 cibiyarsa da ke Leningrad ta tara samfurin iri kusan 250,000.

Ba komai ya gano ba fa. Taswirarsa ta tsallake Afirka ta Yamma, alhali daga baya an samu ragowar geron gida mai shekaru kusan 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali.

Matsalarsa ita ce aikin haɗa iri na cin shekaru, Stalin kuma yau yake son gani a ƙasa. Sai ga Trofim Lysenko, wanda Vavilov da kansa ya taɓa ƙarfafa wa gwiwa, yana cewa babu wani abu wai shi ƙwayar gado, shuka tana koyon hali ta gadar wa 'ya'yanta. Maganar banza ce, amma ta yi wa masu mulki daɗi. Vavilov ya ƙi janye tasa. Ranar 6 ga Agusta 1940 aka kama shi a yammacin Yukiren, yana tsakiyar tattara iri. Aka yi watanni ana masa tambayoyi cikin dare, aka yanke masa hukuncin kisa a 1941, daga baya aka mai da shi ɗaurin shekara 20.

Yana tsare Jamusawa suka yi wa Leningrad ƙawanya, kwana 872. Ma'aikatansa suka zauna gadin irin cikin sanyi, suna korar ɓeraye, ba su ci ba. Alexander Shchukin, masanin gyada, a kan teburinsa ya mutu. Dmitri Ivanov ya mutu ga shinkafa jibge a ɗakin da yake kula da shi. Wallahi na sha tambayar kaina ko ni zan iya, da yara a gida. Ba na jin zan iya.

Shi Vavilov ya rasu a kurkukun Saratov ranar 26 ga Janairu 1943, yana da shekara 55. Na ga yadda yunwa ke yi da jiki: tsoka ta narke, ƙafa ta kumbura, gudawa ta ƙi tsayawa, zuciya ta yi rauni. Haka ya ƙare, aka binne shi a kabarin taro. A 1955 gwamnati ta wanke shi daga laifi. Cibiyar na nan a birnin, wanda yanzu ake kira Saint Petersburg, tana ɗauke da sunansa, ana kuma ci gaba da shuka irin da ya kawo domin a sabunta shi.