Leo Fender: Mai gyaran rediyon da ya ƙera jitar da bai iya kaɗawa ba

Idan kana kallon bidiyoyin Mdou Moctar, makaɗin nan na Nijar, a YouTube ko TikTok, duba kan jitar da ke hannunsa da kyau. Za ka ga an rubuta Fender. To sunan mutum ne fa, kuma abin mamakin shi ne har ya bar duniya bai iya kaɗa jita ba. Sana'arsa ta asali gyaran rediyo ce.

An haifi Leo Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a yankin Anaheim da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda iyayensa ke noman lemu. Yana ɗan shekara 8 wani ƙari ya yi sanadin rasa idonsa na hagu, aka sa masa na gilashi. Tun yana yaro yake kwance rediyo yana ɗaurawa, amma a makaranta aikin akanta ya karanta. Ya kama aikin ofis, sai karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta sa aka sallame shi. A 1938 ya ranci dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton.

A shagon nan makaɗa suka riƙa kawo masa lasifika da amfilifaya idan sun lalace, shi kuma yana lura da inda kowane abu ke fara mutuwa. Jitar lokacin cikinta fanko ne, da an ƙara murya sai ta kama ƙugi. Wuyanta kuma da gam aka manna shi, in ya samu matsala sai gwanin kafinta. Leo ya kalli abin da idon mai gyara: me zai hana a yi jitar da kowa zai iya kwancewa da sukundireba?

Haka kuwa ya yi. A 1950 ya fitar da jitar katako zalla, wadda aka sa wa suna Telecaster a 1951. Wuyanta da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace a cire a sa wani. A 1954 Stratocaster ta biyo baya, ita kuma kusan duk kayan wutarta a jikin faranti ɗaya suke, ka ɗaga shi ka gan su.

Yanzu ga inda tunanin nasa zai amfane ka. A ƙarƙashin tsarkiyoyin jitar akwai maɗaukin sauti. Ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kaurinta kamar gashin kai, zagaye dubbai. Da tsarkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ya haifar da 'yar ƙaramar wuta, ita ce ke tafiya amfilifaya ta zama kiɗa. Babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ba kasafai yake lalacewa ba. Don haka idan sautin jitarka yana ɗaukewa yana dawowa, kada ka yi saurin ɗora masa laifi. Bi hanyar wutar daki-daki.

Fara da kebul: sauya wani ka ji. In matsalar na nan, girgiza kan kebul ɗin a ramin da ake soka shi a jikin jitar. Idan sauti ya yanke, to notin wurin ya kwance ko waya ta tsinke a ciki. Daga nan sai makunnin da ke zaɓar maɗaukin sauti, da abin murɗa ƙarar murya. Ka ji suna ƙaraf-ƙaraf? Datti ne ko tsatsa, kuma ka san ƙurar hunturunmu ba ta raga wa kayan wuta. Feshin wanke kayan lantarki yakan wadatar. Sannan buɗe farantin ka duba wuraren da aka liƙe waya da dalma. Wanda ya dushe ko ya tsage, a sake narka shi.

Sai a ƙarshe za ka gwada maɗaukin kansa. Jona jitar, ka ɗan ƙwanƙwasa maganaɗisun da bakin sukundireba, in yana da rai za ka ji ƙas a lasifika. Ko ka cire kebul ka sa mita: irin na Stratocaster yakan nuna wajen om 6,000. In mitar ta ƙi nuna komai, wayar cikin ta tsinke, sai sabon naɗi ko sauyi. Gargaɗi ɗaya dai: jitar ba ta da haɗari in ka cire ta daga amfilifaya, amma cikin amfilifayar akwai wutar da ke iya kisa ko bayan an kashe ta. Wannan kam bar wa masu sana'ar.

A 1965 rashin lafiya ta sa Leo ya sayar wa CBS kamfaninsa kan dala miliyan 13. Da ya warke bai zauna cin kuɗi ba. Ya koma ƙira a kamfanin Music Man, daga baya shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L, yana ta gwajin sababbin maɗaukan sauti har tsufa. Ya rasu ranar 21 ga Maris, 1991, bayan fama da cutar karkarwa ta Parkinson.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana zaune a rumfar gyaran waya kana ganin kamar an bar ka a baya, sake tunani. Mai gyara shi ya fi kowa sanin inda kaya ke mutuwa, kuma wannan sanin ne jarin da Leo ya fara da shi. Waɗanne matsaloli ne ake yawan kawo maka kullum? Fara rubuta su tun yau.