Pilatre de Rozier: Malamin Da Ya Fara Tashi Sama Cikin Kwando

An haifi Jean-François Pilatre de Rozier a birnin Metz na ƙasar Faransa a shekarar 1754. Ya yi karatun haɗa magunguna, ya koyar da kimiyya a garin Reims, daga baya ya koma Paris.

A zamaninsa ne 'yan'uwa biyu, Joseph da Etienne Montgolfier, suka ƙera babban balan-balan da iska mai zafi ke ɗagawa. Ran 19 ga Satumba, 1783, suka sa tunkiya da agwagwa da zakara cikin kwando, balan-balan ya ɗaga su, suka sauko da rai. Saura mutum. Sarki Luwis na 16 ya so a gwada da fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa, amma Rozier ya nace shi zai hau.

Ran 21 ga Nuwamba, 1783, shi da abokinsa d'Arlandes suka tashi daga gefen Paris. Mazauninsu saƙaƙƙen kwando ne na tsumagun itace, an kewaye bakin balan-balan da shi, ga kaskon wuta a tsakiya. Kowa ya tsaya a ɓangarensa don kada nauyi ya rinjaya gefe ɗaya. Suna zuba wa wutar tattaka, suna kashe tartsatsi da jiƙaƙƙen soso. Bayan kamar minti 25 suka sauka lafiya.

Har yau da saƙaƙƙen kwando ake tashi, domin ba shi da nauyi, kuma in ya bugi ƙasa yakan lanƙwasa ya shanye bugun maimakon ya tsage.

A 1785 Rozier ya ƙudura ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Ya haɗa iska mai zafi da iskar haidurojin, wadda ke saurin kama wuta. Ran 15 ga Yuni, jim kaɗan bayan tashinsu daga Boulogne, balan-balan ya lalace a sama. Shi da Pierre Romain suka faɗo suka mutu. Shekarunsa 31.

Mu da ke shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kowane mako, ya kamata mu koyi abu biyu daga gare shi. Bai yarda a sa ran wani cikin haɗari a madadinsa ba. Amma ƙarfin hali kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da lura.