Taha Husaini: Makahon da ya buɗe wa 'ya'yan talakawan Masar ƙofar makaranta

An haifi Taha Husaini a watan Nuwamba na shekarar 1889, a wani ƙauye da ke kusa da garin Magaga a lardin Minya na ƙasar Masar. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya 13 da mahaifinsa ya haifa. Mahaifin ƙaramin ma'aikaci ne a kamfanin sukari, albashinsa da kyar yake riƙe gidan. Taha yana ɗan ƙanƙane ciwon ido ya kama shi, aka yi sakaci da shi, daga baya aka kira wanzamin ƙauye ya sa masa magani. Maganin nan ne ya ƙarasa idanun, kuma bai sake gani ba har ƙarshen rayuwarsa.

Gidan da ya tashi a cikinsa na ƙaunarsa, amma ba su san yadda za su yi da shi ba. Mahaifiyarsa tana hana shi abubuwan da take barin 'yan'uwansa su yi, su kuma suna kaffa-kaffa da shi, yana jin tausayin da suke yi masa ya fi duka ciwo. A littafin tarihin rayuwarsa, Al-Ayyam, ya ba da labarin ranar da ya gwada ɗaukar loma da hannu biyu a gaban iyali. 'Yan'uwansa suka fashe da dariya, mahaifiyarsa ta fashe da kuka, mahaifinsa ya gyara masa cikin murya mai rauni. Tun daga ranar ya haramta wa kansa wasu nau'o'in abinci don gudun abin kunya, kuma ya shafe shekaru yana son cin abinci shi kaɗai.

A Masar ta wancan zamani, yaro makaho hanya ɗaya aka san masa: ya haddace Alƙur'ani, ya riƙa karatu a gidajen makoki da maƙabartu ana ba shi sadaka. Aka sa Taha a makarantar allo, ya haddace tun bai kai shekara 10 ba. Sai mutuwa ta shiga gidan sau biyu. Ƙanwarsa ƙarama ta rasu bayan zazzaɓin da ba a kira mata likita ba, sannan annobar kwalara ta 1902 ta ɗauke yayansa da ke shirin shiga makarantar koyon aikin likita. Rashe-rashen nan, haɗe da abin da ya sami idanunsa, su suka dasa masa ƙiyayyar jahilci da bai rabu da ita ba.

A shekarar 1902 ɗin ce wani yayansa da ke karatu a Azhar ya tafi da shi Alƙahira. Ya zauna a ɗakin haya na ɗalibai, inda yakan wuni a kusurwa guda yana jiran wanda zai ja shi zuwa darasi. Sau da yawa yayan kan fita hira da abokai ya bar shi cikin kaɗaici, ga ƙishirwa, ga kunyar roƙon a taimaka masa. Duk da haka ya yi fice a nahawu da adabi, kuma ya yi suna wajen jayayya da malamai. Da aka buɗe Jami'ar Masar a 1908, ya riƙa halartar darussanta. Malaman Azhar suka kayar da shi a jarrabawar ƙarshe, amma a 1914 sabuwar jami'ar ta ba shi digirin digirgir, na farko da ta taɓa bai wa wani. Bincikensa a kan Abul Ala al-Ma'arri ne, mawaƙin ƙasar Sham wanda shi ma ya makance tun yana yaro.

Jami'ar ta tura shi Faransa ƙaro ilimi, bayan ta yi ta jan ƙafa saboda makantarsa. A birnin Monfeliye ya haɗu da wata budurwa Bafaranshiya mai suna Suzan Bireso, wadda ta riƙa karanta masa littattafai. Ta taimaka masa da Faransanci da Latin, ta zama idonsa a hanya da kan takarda. Danginta sun yi ɗari-ɗari da auren baƙo, makaho, Musulmi, kuma marar abin hannu, amma aka ɗaura auren a 1917. Ya kammala wani digirin digirgir a Jami'ar Sobon a kan tunanin Ibn Khaldun, suka koma Masar a 1919. Sun haifi 'ya'ya biyu, Amina da Mu'nis, sun kuma zauna tare shekara 56.

Yadda yake aiki abin lura ne ga duk gidan da ke da mai lalurar ido. Yana da sakatare da ke karanta masa jaridu da littattafai kullum, shi kuma yana faɗa ana rubutawa. Wannan ya sa rubutunsa ya fito da salon magana, mai maimaici da daɗin sauraro. Hazaƙarsa ba ta isa ita kaɗai ba. Sai da aka sami mahaifi da ya biya kuɗin karatu, ɗan'uwa da ya kai shi birni, ɗan jagora, mata mai haƙuri, da jami'ar da ta yarda ta kashe kuɗi a kansa.

Rayuwarsa ba ta rasa rigima ba. A 1926 ya fitar da littafi a kan waƙoƙin jahiliyya, inda ya yi shakkar ingancin da yawa daga cikinsu, ya kuma taɓo wasu batutuwa da malaman addini suka ɗauka saɓo ne. Aka kai ƙararsa, mai gabatar da ƙara ya rufe shari'ar, shi kuma ya cire sassan da suka jawo ƙorafi ya sake buga littafin da sabon suna. Har yau akwai malaman da ba su yafe masa ba, akwai kuma masu ganin ya buɗe sabon babi a nazarin adabi. A 1932 gwamnatin Isma'il Sidƙi ta cire shi daga shugabancin tsangayar adabi, iyalinsa suka ɗanɗana ƙuncin rayuwa kafin a mayar da shi jami'a.

A 1950 aka naɗa shi ministan ilimi. Ra'ayinsa shi ne ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kamar yadda ba a sayar wa mutum iskar da yake shaƙa. A zamaninsa aka soke kuɗin makarantar sakandare ta gwamnati, 'ya'yan manoma da leburori suka sami hanyar da a da sai mai hali. Ya riƙe muƙamin har farkon 1952.

Taha Husaini ya rasu ranar 28 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 83. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan Adam. Larabawa suna yi masa laƙabi da jagoran adabin Larabci, gidansa da ke Giza kuma ya zama gidan tarihi. Har yanzu ana karanta Al-Ayyam a makarantu, labarin yaron da wanzami ya makantar, wanda iyayensa suka zaɓi su kai shi makaranta.